Mu Fitar da Yara Su Hau Dutse, Amma da Jagora

A yammacin Dakar, bayan tafiyar kilomita sama da 500 cikin tekun Atlantika, akwai ƙasar da littattafanmu na lakwal suke kira Cap-Vert, masu ita kuma suna ce mata Cabo Verde. Tsibirai goma ne, tara daga ciki suke da mutane. Ɗaya sunansa Fogo, wato wuta da harshen Fotugal, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Tsibirin gaba ɗayansa dutse guda ne mai aman wuta da ya taso daga ƙarƙashin ruwa. Daga wannan gaɓa zuwa waccan wajen kilomita 25 ne, kamar mutum ya tashi daga Maraɗi ya je Madarunfa. Amma ƙololuwarsa, da ake kira Pico do Fogo, tana da tsayin mita 2,829 bisa teku. Idoukal-n-Taghès na duwatsun Bagzan, wanda babu abin da ya kai shi tsayi a duk faɗin Nijar, mita 2,022 ne. Ɗan tsibirin nan ya ɗara ƙasarmu tudu da mita 800 da ƴan kai.

Na hau dutsen nan da ƙafata, a bayan wani jagora ɗan wurin, kuma tun da na sauko nake da maganar da nake so in yi da ƴan uwana malamai da iyayen yara. Maganar ita ce, kowane aji, daga CM1 zuwa sama, ya kamata a fitar da shi sau ɗaya a shekara ya hau wuri mafi tudu da ke kusa da garinsu, a bayan mutumin da ya san wurin, kuma a biya mutumin. Na san akwai masu cewa yanzu ba lokacin wannan ba ne, kuma zan zo kansu. Bari in fara da dutsen.

Aiki ne ya kai mu Praia, babban birnin ƙasar, ni da wasu malamai. Da muka sami kwana biyu na sarari sai muka ƙetara Fogo. Ƙaramin jirgin sama yana yin wajen rabin awa kafin ya sauka a São Filipe, babban garin tsibirin. Daga nan mota take ta hawa tana kwana-kwana har kunne ya toshe, sannan ta shiga wani ƙaton kwari mai kama da kaskon da aka fasa gefensa ɗaya. Sunan kwarin Chã das Caldeiras, kuma shi kansa yana bisa mita wajen 1,700. Wata katangar dutse ta yi masa zobe ta yamma, tsayinta a wasu wurare ya kusa mita 1,000. A cikin wannan kasko ne baƙin dutsen yake tsaye kamar malafa, kuma a gindinsa mutane suke zaune da iyalinsu.

Ranar 23 ga Nuwamba 2014 dutsen ya tsage ta gefe, kamar yadda ya yi a 1951 da 1995, ya yi ta zubar da narkakken dutse har cikin Fabrairun 2015. Ƙauyuka biyu, Portela da Bangaeira, suka binne. Babu wanda ya mutu, domin narkakken dutsen sannu yake tafiya, har mutane suka sami damar kwashe dabbobi da kayan ɗaki, wasu ma suka ciro ƙofofi da tagogi. Da abin ya lafa sai suka komo suka yi gini bisa baƙin dutsen da ya daskare a kan gidajensu na da. Kana tafiya sai ka ga rufin wani gida daidai da ƙafarka, sauran gidan yana ƙasa. Jagoranmu ya nuna mana wani wuri ya ce nan ne ƙofar gidan da aka haife shi. Bai tsaya ba, ya wuce.

Da duhu muka tashi, mu shida da shi na bakwai, cikin sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu a Tawa. Awa ta farko cikin baƙar tsakuwa ake yin ta, mai rashin nauyi kamar gawayi. A cikinta suke noma. Suna haƙa ramuka su dasa inabi da ɓaure da rumman, ramin yana tara ɗan ruwan da ya samu, yana kuma kare shukar daga iska. Ina ganinsu tassar manoman Illela da Badagishiri ta faɗo mini a rai, wadda suke haƙawa a fako su zuba taki su shuka hatsi. Mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba, ƙarancin ruwa ya koya musu dabara ɗaya. Ba abin mamaki ba ne, domin tsibiran nan Sahel ne da ya faɗa cikin teku. Daminarsu gajera ce, wata shekarar ma ba ta zuwa. Yunwar shekarun 1940 ta kashe musu dubun-dubatar mutane. Hazon da ke rufe mu lokacin hunturu yana ƙetara teku ya iske su, har ya hana jirage tashi. Ƙasarsu da tamu duk suna cikin CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, wadda cibiyarta ta AGRHYMET take nan Yamai.

Bayan gonakin ne hawan gaske yake farawa. Hanya ta ƙare, sai wani ƙashin bayan dutse da ake bi da ƙafa da hannu. A nan na daina kallon dutsen na koma kallon jagoran, domin abin da yake yi sana'ata ce.

Tun a ƙasa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi takalmanmu, ya tambayi ruwan da kowa ya ɗauko. Ba mu yi minti ashirin ba ya riga ya gane wanda ya fi kowa rauni a cikinmu, wata malama da numfashinta ya fara sama-sama. Bai ce mata komai ba. Ya dai jawo ta ta dawo bayansa daf, ya mayar da tafiyarta ita ce tafiyar ayari. In ta tsaya sai shi ma ya tsaya, ya sami wata ciyawa ko wani dutse ya yi mana bayaninsa, yadda babu wanda zai ce don ita aka tsaya. A ɗaya daga cikin irin waɗannan tsayawa ne ya nuna mana wani tsiro da suke kira harshen saniya da yarensu, wanda irinsa ba ya fitowa ko'ina a duniya sai a bisa wannan tsibiri. Yana sanin dutsen da zai riƙe ƙafa da wanda zai gangara, alhali a idona duk ɗaya suke. Ya yi mana doka ɗaya tak, cewa duk wanda ƙafarsa ta ture dutse ya yi ihu nan take don na ƙasa su kauce, kada kunya ta sa ya yi shiru.

Akwai wani saurayi a cikinmu mai ji da ƙarfi, da ya ga tafiyar ta yi masa sanyi sai ya wuce gaba. Jagoran bai yi masa tsawa ba. Ya sami dutse ya zauna, ya ce babu inda za mu sai wancan ya komo. Muka zauna cikin iska mai yanka kunne har saurayin ya gangaro yana sosa ƙeya. Daga baya muka ga inda ya nufa, wani gangare ne na sakakkiyar tsakuwa da ba ya kai ko'ina.

Awa huɗu muka yi kafin mu kai. A sama akwai wani rami mai zurfi, bakin dutsen ke nan, da warin farar wuta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana fitowa daga tsaguwar duwatsu. Gajimare yana ƙasa da mu, shimfiɗe kamar kaɗa a rumfar masu awo, can gabas kuma kawunan duwatsun tsibirin Santiago sun huda shi sun fito. Daga nan ake ganin kowace ambaliyar wuta da launinta, ta 1951 daban, ta 1995 daban, ta 2014 ta fi su baƙi, kuma ana ganin yadda kowace ta bi gangare ta nemi kwari, kamar dai ruwa. Saukowa kuwa ta wani gefen ake yi, inda toka take da zurfi. Mutum yana jefa dunduniya yana nutsewa har ƙauri yana zamewa, tsoho ya koma yaro. Ba mu cika awa biyu ba muka iso ƙasa, takalma cike da tsakuwa.

Shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Suna kwafewa a kaye, suna haddacewa, suna mayar mini da shi ranar jarrabawa. A Fogo yatsuna ne suka karanta wannan darasi. Haka batun iska. A ƙololuwar, nauyin iska bai fi kashi 70 da ɗan wani abu cikin 100 na wanda ke bakin teku ba, shi ya sa taku goma yake sa mutum haki, shi ya sa kuma ruwa yake tafasa a wajen digiri 90 maimakon 100. Gani ya kori ji, kowa ya san karin maganar, har mu malamai muna ba da ita a darasin Hausa. Amma makarantarmu kusan gaba ɗayanta a kan ji aka gina ta.

Ku gwada wannan a gida. Ku tambayi yaron CM2 mene ne tsibiri, zai zubo muku ma'anarsa da Faransanci ba tuntuɓe. Ku tambaye shi in aka yi ruwan sama a unguwarku ina ruwan yake tafiya, ta ina yake bi, ina yake kwana. Yawancinsu za su yi shiru. Kuma tambaya ta biyu ita ce wadda rai yake rataye a kanta. Maraɗin da muka sani yau a tudu take saboda ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwarin Gulbi, dole aka tashi aka hau sama. Daminar 2024 ta sake tuna mana, a Maraɗi da Damagaram da sauran wurare, da gidajen da suka rushe da rayukan da aka rasa. Da yawa daga gidajen da ruwa yake ci kowace shekara a kan hanyarsa aka gina su, a filayen da aka saya da rani lokacin da korama take busasshiya tana kama da fili mai kyau. Yaron da ya taɓa tsayawa bisa tudu aka nuna masa da yatsa inda koramu suke haɗuwa, in ya girma ya zo sayen fili, ko ya zama ma'aikacin da ke yanka filaye a ofishin magajin gari, da wani ido zai dubi ƙasa. Wannan kaɗai ya isa a ba shi safiya ɗaya a shekara.

Kuma ba mu rasa wuraren hawa ba. Dogon Dutsi sunansa ma ya faɗi abin da ke bayansa. Damagaram tana zaune cikin manyan duwatsu, yaran Birni suna wasa a kansu kullum ba tare da wani ya taɓa ce musu wannan darasi ne ba. Ƙasar Adar, wajen Keita da Buza, duk tsaunuka ne masu shimfiɗaɗɗen kai da kwaruruwa a tsakani, kuma a jikinsu ana tsintar bawon halittun teku da suka zama dutse, domin miliyoyin shekaru da suka wuce teku ne ya kwanta a wurin. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza daga wannan tekun ya samo asali. Ɗan Tawa da bai taɓa ganin teku ba yana iya riƙe shaidarsa a tafin hannu. Ƴan Yamai suna da tsaunukan nan uku na ƙetaren kogi, suna kuma da tsibirai na gaske a cikin kogin Kwara, ga Neini Gungu nan a tsakiyar birni. Tsibirin Lete ma, can wajen Gaya, sai da aka je kotun duniya a kansa tsakaninmu da Benin, aka yanke hukunci a 2005 cewa namu ne. Inda ƙasa take shimfiɗe kuwa, kamar yawancin jihar Maraɗi, bakin kwarin Gulbi ya isa, ko jigawa mafi tudu a bayan gari. Mita talatin bisa rufin gidaje sun isa su canza yadda yaro yake ganin garinsu.

Yanzu batun jagora, wanda shi ne rabin maganata. Wani malami zai ce, to in dai tudun bayan gari ne, ni ma na iya kai su, mene ne na ɗauko wani? Amsata ita ce, yawancinmu baƙi ne a inda muke koyarwa. An haife ka a Tasawa, an turo ka wani ƙauye a Adar, shekara uku a sake ɗauke ka. Baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu. Ba ka san ramin da maciji yake kwana ba, ba ka san gefen da ke zaftarewa ba, ba ka san gonar da mai ita ba ya son a taka ba. Akwai waɗanda suka sani. Mahalbi ya sani. Makiyayin da ke kai awaki can kullum ya sani. Matan da ke zuwa itace da tsinkar ganyen miya sun san kowane tsiro da sunansa da amfaninsa. Mai haƙar rijiya zai lissafa maka ƙasa hawa-hawa, daga rairayi zuwa laka zuwa marmara zuwa inda ruwa yake, da gaba nawa ake kai kowace, abin da littafin kimiyyar ƙasa yake zanawa da launi a shafi guda.

Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Ayarin fatake na da yana da madugu, yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Ayar zuwa Fashi da Bilma, ɗaruruwan raƙuma da rayukan mutane a hannun mutum ɗaya suke, wanda ya san hanya inda babu hanya. Babu attajirin da ke gardama da shi don ya fi shi dukiya. Makarantar boko ce ta zo ta nuna wa yaro, ba da baki ba, cewa ilimi shi ne abin da mai alli ya faɗa, wanda kuma bai yi lakwal ba jahili ne ko da kakansa ne. Muna kukan yara sun raina iyaye, sun raina noma, sun raina ƙauye. Mu duba wane ne yake tsayawa gabansu awa shida a rana, da kuma wanda ba a taɓa tsayarwa gabansu ba ko sau ɗaya.

Akwai kuma batun harshe. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To, in har za a koyar da labarin ƙasa da ita wata rana, kalmomin ba a ofis za a ƙera su ba, suna bakin manoma. Jigawa, geza, fako, fadama, korama, gulbi, tabki, tudu, kwari, kowace da irin ƙasar da take nufi da abin da ake shukawa a cikinta. Yaron birni na yau rabinsu bai sani ba. Safiya ɗaya a bayan tsoho mai nuni da sanda za ta cika shafi biyu na kaye da irin waɗannan kalmomi.

Sai masu cewa a'a. Na farko kuma mafi nauyi shi ne tsaro, kuma ba zan raina shi ba. Ba mu manta da 9 ga Agusta 2020 ba, ranar da aka kashe mutum takwas a dajin raƙuman dawa na Kure, Faransawa shida da direbansu da jagoransu ƴan Nijar. Akwai yankunan da yau ko gona ba a zuwa da kwanciyar hankali, akwai makarantun da suke rufe gaba ɗaya. A irin waɗannan wurare amsar ita ce a'a, kuma duk daraktan da ya fitar da yara a can ya yi ganganci. Abin da nake magana a kai tafiya ce da ba ta wuce inda ake hango rufin makaranta ba, inda yaran garin da ma suke zuwa kiwo da itace su kaɗai ba mai lura da su. A tambayi maigari, a tambayi hukuma, in suka ce kada a je, a fasa. Amma kada garin da yake zaune lafiya ya ari tsoron wani gari ya kulle yaransa da shi.

Na biyu kuɗi. Babu mota a wannan tafiya, babu masauki. Abin da za a kashe shi ne ladan jagora da ruwan sha. Aji mai yara sittin, in kowa ya kawo dala goma, an sami jika uku. Kwamitin kula da makaranta yana iya ɗaukar wannan ba tare da an tambayi kowa ba. Mun sha ganin an tara abin da ya ninka haka sau goma don anko da kiɗan bikin ƙarshen shekara, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Na uku ƴan mata. Wasu iyaye za su ce namiji ya je, mace ta zauna. Ni ina ganin ƴar da ake aika ta nesa ɗebo ruwa da itace tun tana shekara takwas ba a ranar karatu ne ya kamata a tuna tana da rauni ba. Abin da ya dace shi ne uwaye biyu ko uku daga ƙungiyar uwayen ɗalibai su bi ayarin. Hankalin kowa zai kwanta, kuma sau da yawa za a tarar uwayen nan sun fi jagoran sanin itatuwa.

Akwai wanda ba a cika faɗa a taro ba, amma ana faɗarsa a zaure, wato dutsen kaza yana da masu shi, ba a hawansa. Ba zan shiga gardamar ba a nan. Abin da zan ce shi ne wannan ma dalili ne na ɗaukar ɗan gari. Shi ya san inda mutanen wurin ba sa so a taka, sai a kauce masa a bi wani gefen, a rabu lafiya. Malamin da ya kwashi yaran mutane ya kai su inda iyayensu suke tsoro don ya nuna shi wayayye ne, ya kashe wannan fita a garin har shekara goma.

Ƴan uwana malamai kuma za su ce manhaja ta yi yawa, wata tara ba sa isa. Gaskiya ne. Amma ku lissafa abin da ke cikin safiyar nan. Yara su ƙirga taku daga ƙofar makaranta zuwa gindin tudu, su auna takunsu, su fitar da nisa, lissafi ke nan. Ƴan koleji su kafa sanda su auna inuwarta, su auna inuwar wata doguwar bishiya, su fitar da tsayinta, ga ƙa'idar Thalès ta sauko daga allo. A nuna gabas da yamma da rana, a zana taswirar gari daga sama, a tsinto duwatsu iri uku a kwatanta. Kashegari kowa ya rubuta abin da ya gani. Rubutun da yaro yake yi a kan abin da ƙafarsa ta taka daban yake da wanda yake yi a kan hutun da bai taɓa zuwa ba a bakin tekun da bai taɓa gani ba.

Akwai abin da na ɗauko daga jagoran Fogo da ya shafi aji kai tsaye. Shi ba a auna aikinsa da wanda ya riga kowa isa sama. Ana auna shi da cewa mutum shida ya ɗauka, mutum shida ya mayar. Mu kuwa, a aji mai yara tamanin, sau nawa muke tafiya da biyar na bencin gaba, sauran su bi in sun iya? Na sani shida ba tamanin ba ne, kuma wanda bai taɓa tsayawa gaban yara tamanin cikin zafin watan Afrilu ba bai kamata ya yi mana wa'azi ba. Duk da haka dabarar nan tasa, ta jawo mai rauni kusa da kai ba tare da ka tona masa asiri ba, ba ta buƙatar kuɗi ko izinin sufeto. Tun da na komo nake gwada ta, kuma ajin bai rage gudu yadda ake tsoro ba.

Ba kowane ɗan gari ne jagora ba, wannan ma a faɗe shi. Akwai mai surutu da zai cika yara da tatsuniya, akwai mai saurin fushi, akwai wanda bai kamata a bar shi da yaran mutane ba sam. Maigari da iyaye su ne za su zaɓa, domin su suka san halin kowa. Malami kuma ya bi hanyar tare da shi mako guda kafin ranar, su biyu, su shirya inda za a tsaya da abin da za a nuna. Ranar tafiya jagora ne a gaba, malami a baya yana kora na ƙarshe. In jagoran ya faɗi abin da ya saɓa wa littafi, kada mushe ya gyara masa a gaban yara. A rubuta, a komo aji, a ajiye maganarsa gefe ɗaya da ta littafi gefe ɗaya a duba. Wani lokaci littafin ne zai yi gaskiya, wani lokaci kuma za a tarar littafin a wata ƙasa aka rubuta shi.

Lokacin da ya dace shi ne Disamba ko Janairu, an gama girbi, ciyawa ta kwanta, rana ba ta yi zafi ba, a ranar da babu hazo mai yawa. A tashi ƙarfe bakwai, a komo kafin sha ɗaya. Kowane yaro da gorar ruwansa da takalmin da ke riƙe ƙafa, wanda ba shi da sai silifa a ɗaure masa da tsumma. Babba ɗaya ga kowane yara goma sha biyar. Darakta ya ba da izini a rubuce, iyaye su san ranar tun da mako guda. A ƙirga yara a ƙofar makaranta, a ƙirga a sama, a ƙirga bayan an komo. Ladan jagora kuwa kada a aika masa da shi gida da dare kamar sadaka. Darakta ya miƙa masa a hannu, a tsakar makaranta, yaran suna kallo, kafin a sallame su.